Ba Mu Neman Kowa

"Ki hwaɗi sunan mana, ɗiyata. Wa kike nema?"

Mas'uda ta buɗe baki, ta rufe. Katin karɓar abinci na hannunta. Malama Sumayya, ma'aikaciyar agaji mai haɗa waɗanda gudu ya raba, ta ajiye biro tana jira.

Wata huɗu da suka wuce, a wannan teburin dai, a makarantar da aka sauke su a Wurno, aka yi mata wannan tambayar. Ranar Kawu Yari na zaune a gefenta, shi da ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinta. Ta yaya budurwa za ta kama sunan wanda aka sa musu rana a gaban kawunta? Kunya ta danne mata harshe.

"Ba mu neman kowa," in ji Kawu.

Ita kuma ta gyaɗa kai.

Ba kowa!

Alhali Sahabi, saurayin nata, shi ne ya goyo kakarta har bakin gulbi ranar da 'yan bindiga suka faɗa wa ƙauyensu, ya koma ɗauko wata makauniya... Daga nan ba a sake ganinsa ba. Maraya ne. In ba ita ba, ba shi da mai cigiyarsa a duniya.

Tun ranar tuwo bai ƙara yi mata daɗi ba.

Jiya kuma Shittu mai albasa, wanda ya ba Kawu aron ɗaki, ya aiko da goron neman aurenta.

"Yaron ga ya mutu, Shittu ya jiyo a kasuwar Achida," Kawu ya ce. "Ko shina raye, mi ya rage mai? Ba gona, ba rumbu!"

Shi ya sa yau ta sulale daga layin gero ita kaɗai.

"Sa... Sahabi. Sahabi Abubakar, daga wajen Boyekai."

Malama Sumayya ta juya shafuka, ta tsaya cak.

"Ke ce Mas'uda?"

"Ni ce..."

"Shina Rabah! Harsashi ya same shi ga ƙafa, amma ya tashi. Tun watan farko ya ba da sunanki. Mu kuwa ba mu nuna inda mutum yake sai da yardarshi. Da munka aika gidanku, kawunki da wani Shittu sunka ce ba ku san shi ba."

"To shi... mi anka ce mai?"

"Gaskiya. Kina raye, amma ba ki nemi kowa ba. Duk Laraba sai ya dogara sanda ya je ofishinmu na can ya tambaya ko kin sake magana."

Duk Laraba...

Mas'uda ta durƙushe, kuka ya ƙwace mata.

A gida Kawu ya tayar da faɗa, sai kaka ta buga sandarta a ƙasa.

"Yaron da ya goya ni za ka ce ba ka sani ba, Yari? Maida goron ga, ka shiga mota!"

Washegari motar agaji ta kai su Rabah. Suka tarar da shi a gindin dogon yaro yana tufka igiya. Ya rame, sanda na jingine da kafaɗarsa. Ya gan ta, ya ci gaba da tufka.

"An ce ba ki neman kowa."

"Kunya ce... Wallahi kunya ce, masoyina. Kawu na zaune..."

"Harsashin bai yi min ciwo kamar maganar nan ba."

"Na cuce ka. Ka yafe min, don Allah."

Ya ajiye igiyar a hankali.

"Mi kinka ce musu jiya?"

"Na hwaɗi sunanka."

"Ba ni wurin. Ban ji ba."

Ta dubi Kawu. Ta dubi matan da suka taru da bokitansu suna kallo. Kunya ta taso mata kamar wancan karon. Ta ja numfashi.

"Sahabi!"

Har yara suka waiwayo. Kawu ya kawar da kai.

"Na'am," ya ce. "Na'am, Mas'udata."

Bayan Sallah aka ɗaura aure, a ɗakin haya ɗaya tal. Har yau matan unguwa na yi mata dariya, wai amaryar da ke kiran mijinta da sunansa ba ko kunya.

Ba ta kula su. Da safe ta kira, da yamma ta kira, wani lokacin ma ba da wani dalili ba, don dai kawai ta ji ya amsa.