Yankin Uwar Maƙera

Sauran ɗalibai duk sun watse tun kafin magariba, aka bar Mu'minatu ita kaɗai a ɗakin gwaje-gwaje, wai sai ta ƙarasa awo ɗaya. Aikin digirinta na biyu ke nan a Dutse: a hura gas mai zafi a kan ƙarfe, cikin wata tukunya da aka zuƙe iskarta, a auna zafin da ƙananan ƙwayoyinsa suka bar wa ƙarfen da wanda suka wuce da shi. Malamanta sun sha faɗa mata cewa zafi ba ya ɓata, wuri kawai yake sauyawa.

Ƙarfen da ke cikin tukunyar kuwa ba na makaranta ba ne. Da ta je gida Aujara, ta faki idon mahaifinta, Malam Nata'ala maƙeri, ta ɓallo ɗan yanki daga gefen uwar maƙerarsa, don tana son tsohon ƙarfe da ya sha guduma. Ta san dokar gidan sarai. Kullum kafin Baba ya tashi daga aiki, yakan ɗora jan ƙarfe a kan uwar maƙerar ya bar shi, ya ce akwai masu jin ɗumi a wurin, ba a barinta ta kwana da sanyi. Ita kuwa 'yar boko, ta wanke yankin da asid, ta kulle shi kwana uku babu ko ɗumin ashana.

Tun ranar da ta ɓallo shi yatsunta na dama suka yi sanyi. Yau sanyin ya kai wuyan hannu, biro ma da ƙyar take riƙewa. Abin ya fara ba ta tsoro, amma ta ƙi gaya wa kowa.

Ta buɗe gas. Ya shiga da zafinsa, ya fito a sanyaye. Ta duba ma'aunin ƙarfen, don can ya kamata zafin ya tafi. Ƙasa ma yake yi. Ta ƙara wuta, ya ƙara sauka.

Sai aka ɗauke wutar lantarki. Injin gwajin ya yi shiru.

Amma wani abu bai yi shiru ba. Fuu, fuu, a hankali, irin numfashin zugazugi. Ƙamshin gawayi ya cika ɗakin da ba a taɓa hura gawayi a cikinsa ba. Ta haska wayarta a ɗan gilashin leƙe na tukunyar.

Yatsu ne. Ƙanana, baƙaƙe, masu yawa, an miƙa su a kan ƙarfen yadda ake miƙa hannu a bakin murhu. Suna rawar ɗari.

"Sanyi," wata murya ta ce, daf da kunnenta.

Ta dafa tukunyar za ta miƙe. Tafinta ya manne.

"Ga mai ɗumi," wata ta ce.

Sanyin ya haura gwiwar hannunta. Ta ji yana neman kafaɗa. Bakinta ya kasa haɗa addu'a, sai sunan Allah kawai take maimaitawa. Can aka ta da kiran salla a masallacin makaranta. Ta kama hannun da na hagu, ta fizga. Fatar tafinta ta rage a jikin tukunyar, ko ɗigon jini bai fito ba.

Ta fita ba takalmi.

Gari na wayewa ta dawo, ta fiddo yankin da awartaki, ta shiga motar Aujara. Baba ya dubi ƙarfen, ya dubi hannun da ya yi fari fat yana reto.

"Kwana nawa ba wuta?"

"Huɗu, Baba. Ka yafe mini."

Bai yi mata faɗa ba, kuma wannan ya fi yi mata ciwo. Ya hura wuta, ya mayar da yankin mazauninsa, ya riƙe hannunta da hagunsa, ya ɗora damansa a kan uwar maƙerar.

"Yarinya ce," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ni ne ban tsare muku wuri ba. Ku ɗauka a nan."

"Baba, a'a!"

Ya ƙara damƙe ta. Jini ya dawo mata da zogi har ta yi ƙara. Shi kuwa, sai ta ga yatsunsa na dama sun saki.

Mu'minatu ta gama digirinta da wani ƙarfen daban, kuma duk awonta ya fita daidai. Malam Nata'ala bai sake ɗaga guduma ba. Asibitin Dutse sun duba, sun ce ba su ga komai ba, amma ko da bazara hannun sanyi ƙalau yake. Mutum ne da bai taɓa cin abinci da hagu ba, ya kuma ce ba zai fara da tsufansa ba. Duk ranar da ta zo gida, ita ke karɓar kwanon daga hannun Inna, ta zauna gabansa ta riƙa ba shi tuwo a baki da hannunta na dama. Yana ci yana tambayarta labarin aiki.