Kantar Isyaku Mai Gangara

Jiniyar kamfanonin Sharaɗa ta busa tashin yamma, rana ta yi ja ta faɗa bayan bututun hayaƙi, Isyaku mai walda ya jingine kekensa a zauren gidansa na Panshekara. Ƙamshin miyar kuka na fitowa daga ciki. Yammaci ne irin na kullum, sai dai kaji sun shige akurki da wuri, sun yi tsit.

A jikin zauren akwai ɗan shagon tireda da ya gada wurin mahaifinsa. A kamfaninsu kuwa an sa su ƙera wa wani babban kanti wata irin kanta ta ƙarfe mai gangara: a jera gwangwani a kwance ta baya, ya mirgino gaba, mai saye ya ɗauki ɗaya, na bayansa ya gangaro ya maye gurbinsa. Tsohon kaya shi zai fara fita, ba abin da zai kwana a lungu ya yi tsatsa. Isyaku mutum ne da idonsa ba ya ganin abu sau biyu. Ya tsinci ragowar ƙarfe ya haɗa tasa, ya rushe kantar ƙasa ta mahaifinsa, ya kwashe gwangwanayen da suka shekara a jikin bango ya watsar a bola. Sannan ya fasa 'yar taga ta tsakar gida, don 'yarsa Zaituna ta riƙa zuba kaya ba sai ta fita ba.

Matarsa Uwani ta ce masa, "Malam, Baba fa bai taɓa motsa layin jikin bango ba."

Ya ce, "Baba ai ko lantarki bai taɓa kunnawa ba. Sai mu koma aci-balbal?"

To a wannan yammacin, ana shirin kiran magariba, Zaituna na tsaye a tagar tana sakin gwangwanayen madara ɗaya bayan ɗaya. Ta saki na ƙarshe. Maimakon ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe, sai aka ji wani ɗan siririn kuka kamar an taka jaririn kyanwa. Can sai gwangwanin ya dawo, yana hawa gangarar a hankali, ya fito ta taga, ya faɗo a kan ƙafarta.

Tun daga ranar almuru ya zama abin tsoro a gidan. Da rana ta faɗi sai jifa a kan kwano, ba da dutse ba, da tsofaffin gwangwanayen nan masu tsatsa. A cikin kantar kuma a riƙa jin muryar mace, ƙasa-ƙasa, tana rarrashin goyo.

Zaituna ta daina magana, ta ranƙwafa gaba kamar ana tura ta ta ƙeya. In mutum na zaune a gabanta, lafiya lau, tana nan. Da ya tashi sai ta sulalo ta zauna a gurbinsa. Daga gado zuwa bakin ƙofa, daga ƙofa zuwa tsakar gida, daga nan zaure. Wata rana maƙwabciya ta tashi daga dokin ƙofa don ta zubar da yawu, kafin ta waiwayo yarinya ta kai titi. Gingimari mai kai fatu Challawa ta ci burki a gabanta har taya ta yi hayaƙi, direban ya sauko yana salati yana zagi.

Iyayenta suka ɗaure ta da zani a jikin turken rumfa, zani ya kece. Asibiti suka ba da ƙwayoyi, ta sha ta yi barci, a cikin barcin ma tana jan jiki. Abu ɗaya ne ke tare ta, mutum a gabanta. Sai Uwani ta zauna, gwiwa da gwiwa da 'yarta, nan take ci, nan take salla a zaune, ƙafafunta suka kumbura kamar taɓarya. Isyaku ya daina zuwa aiki. Mutumin da ba a taɓa kayar da shi a musu ba, ga shi yana tsugune a gindin bango yana kallon matarsa tana gyangyaɗi, yana jin in ta kife sau ɗaya shi ke nan.

Aka yi masa kwatancen Malam Lawan na Na'ibawa, tsoho ne siriri mai ƙarancin magana. Ya zo bayan la'asar, bai fara da yarinyar ba, sai da ya leƙa shagon ya daɗe yana kallon kantar. Da aka idar da magariba ya sa aka kawo garwashi, ya zuba tazargade, ya zauna gefen Zaituna ya fara karatu. Hayaƙin bai tashi sama ba, ya kwanta yana bin ƙasa.

Bakin yarinyar ya buɗe, muryar da ta fito ta babbar mace ce wadda ta gaji da kuka.

"Malam, rage. Akwai mara lafiya a hannuna."

"Wace ce ke, kuma me yarinya ta yi miki?"

"Bayan kanta gidana ne, tun kakan yarinyar nan na saurayi. Shi ya san da mu. Yakan bar layin bango, ba ya taɓawa, ba ma taɓa nasa. Wannan ɗan nasa ya zo ya rushe, na yi shiru. Ya kafa ƙarfe, na raɓe a ƙarshensa da goyona. Sai ga shi ba inda za a kwantar da yaro, komai gudu yake yi. Ita kuma ta sako mana gwangwani da almuru, ko bisimilla babu. Ƙafar ɗana ta karye."

Isyaku ya zabura. "To ke haya kike biya a gidan nan? Shagon ubana ne!"

Jifa ya sauka a kan kwano kamar ƙanƙara. Malam Lawan bai ɗaga murya ba, ya ce, "Isyaku, bakinka ya ishe mu haka." Ya juya ga yarinyar. "Ku kuna ganinsu, su ba sa ganinku. Yarinya ba ta yi da gangan ba. Ki ji tsoron Allah."

"Ubanta ya ce abin da ke baya dole ya fito gaba. To 'yarsa ma ta fito, har titi. Ƙafa da ƙafa."

"Ba za ki samu ba."

"To a yanka mini baƙin bunsuru."

"Ba a yanka don kowa sai Allah. In kin ƙi, in ci gaba da karatu, ke da ɗan naki ku ji a jikinku."

Uwani na hawaye ba ta ko iya ɗaga hannu ta share. Sannan muryar ta ce, "A ba ni kantar. Wanda ya ƙera ta ya ɗauke ta a ka, mu muna ciki, ya kai bakin kogin Challawa. Ya sa dutse ya daidaita ta, ta daina gangara. Kuma daga nan har can kada ya ce uffan. In ya yi magana, mun dawo, kuma ba zan sake ciniki ba."

Isyaku ya kwance kantar, aka ɗora masa a kan gammo. Da hannu ɗaya yake ɗaga ta a da, yanzu wuyansa har ƙara yake yi. Babu komai a cikinta, amma duk takun da ya yi sai ya ji abu ya mirgina a saman kansa.

Ya bi ta gaban mai shayi, abokan aikinsa na zaune. "Injiniya! An karye ne, har an fara sayar da kanta?" Wani ya ce, "Ku ƙyale shi, Uwani ce ta kore shi da kayansa." Amsa ta taso masa har maƙogwaro, mai zafi, wadda za ta kashe bakin kowa. Ya cije leɓe har ya ji gishirin jini, ya wuce. Wani mai babur ya kusa ture shi, ya zage shi ta uwa ta uba. Ya wuce.

A bakin kogi ya durƙusa ya sauke ta a kan yashi. Ya lalubo duwatsu ya tokare gaban, ya ɗora tsakuwa a kai don gwaji, ta mirgina. Ya ƙara dutse. Ya sake ɗorawa. Tsakuwar ta zauna. A can ƙarshen kantar ya ji wata doguwar ajiyar zuciya, da ɗan motsin bakin jariri yana tsotso. Bai waiwaya ba.

Da gudu ya dawo. Yana shan kwanar layinsu ya hango mace tsaye a ƙofar gidansa, dafe da bango, ƙafafu a kumbure. Uwani ce. Ya dubi titi, ya dube ta.

"Uwani! Wa kika bari a gabanta?"

"Babu kowa, Malam," ta ce. "Ta yi atishawa, ta ce in matsa na tare mata iska. Tana nan inda na bar ta, tana cin tuwo."