Kishi Ko Ƙishi

Ranar Asabar ɗin da malamin lissafi ya shigo ƙungiyarmu ta karatu, ranar na fara rasa 'yata.

Mu tara ne, muna haɗuwa a ɗakin bayan wani shagon littattafai, ƙarƙashin fankar da kukanta ya fi iskarta. Shekara talatin da ɗaya na yi ina gyaran kurakurai a maɗaba'a kafin na yi ritaya. Tun da mahaifiyarta ta rasu, Auta ce ke kai ni, ta zauna kusa da ni, ta dawo da ni. Yayyenta duk sun watse. Ita kaɗai ta rage mini a gidan.

Littafin watan labarin wasu mata da miji ne da suka daina magana. Kowannensu ya ɗora wa na'ura mai ƙirƙirarriyar basira, wadda yara ke ce wa AI, aikin rubuta wa ɗayan saƙo. Shekara biyu na'urar tana lallashin kanta, tana ba kanta haƙuri, su kuwa kowa na zaton an shirya. Kwafi ɗaya gare mu, yana zagayawa hannu zuwa hannu. Na sami kuskure goma sha bakwai a ciki. Ba wanda ya tambaye ni.

Malamin lissafi dogo ne, da garin alli a hannun riga. Da aka zo kansa sai ya ce, "Ni dai na'urar na tausaya wa. Ita kaɗai ta yi ƙoƙari a gidan nan."

Auta ta yi dariya har ta rufe baki da littafin. Rabona da jin wannan dariyar tun kafin jinyar uwarta. Nan take na tsani yaron.

Ba a yi wata biyu ba wayarta ta koma kamar ƙararrawar makaranta. Auta ba ta ɓoye mini komai, wannan ne aibinta. Wata safiya ta miƙo mini wayar tana murmushi, saƙon malamin ne.

"Haskena, barka da asuba. Jiya, da kika juya shafi, na ga yatsanki ya tsaya a kan kalmar 'gida'. Ban san me kika tuna ba, amma ina fatan wata rana in zama cikin abin da za ki tuna."

Na karanta sau biyu. Kowane waƙafi a mazauninsa, kowane harafi mai lanƙwasa da lanƙwasarsa.

Na ce, "Ba shi ya rubuta ba."

"Haba Baba!"

"Na ga rubutunsa a gefen littafi. Mutumin da ke haɗe 'shi ne' kamar an ɗaure su da igiya? Kuma namijin da soyayya ta kama ba ya tuna waƙafi. Tambayi kowa."

Da manyansa suka nemi zuwa gaisuwa, na ce a dakata. Asabar ta gaba, a gaban kowa, na tambaye shi wa ke rubuta masa saƙo. Ya dubi fanka, ya dubi takalminsa.

"Baba, maganar tawa ce. Na'ura nake ba wa ta gyara."

"Ta gyara, ko ta ƙara gishiri?"

"Wani lokacin... tana ɗan ƙarawa. An ce mini kuna karantawa, kuma an ce har katin biki kuna mayarwa da jan biro."

Wannan gaskiya ne, sau biyu kacal. Auta ta miƙe. "To ni da wa nake hira duk watannin nan? Da kai, ko da caja?" Ta fita ta jira ni a waje.

Akwai wani lauya a ƙungiyar, mai magana kamar yana karanta kansa a jarida. Bai ɓata lokaci ba, ya fara rage mana hanya a motarsa. Ban damu da shi ba. Na san Auta ba za ta taɓa aurensa ba, shi ya sa nake gaishe shi da fara'a.

Bayan mako uku saƙo ya shigo muna shan shayi. Ta karanta, fuskarta ta haɗe, ta turo mini wayar.

"haskena nine da kaina ba naura. tunda kika dena magana nake kishinki kamar wanda ya wuni a rana. kiyi hakuri dan Allah"

"Ka ji, Baba? Kishi! Don na shiga motar Lauya, kuma kai kana gaba! Har da wani zafin rana, wai zuciyarsa na tafasa. Shi da ya yaudare ni, shi ne da bakin kishi?"

Kallo ɗaya na yi na gane. Babu lanƙwasa ko ɗaya a saƙon, ko haƙurin ma a miƙe yake. Wanda ya wuni a rana ba kishi yake ji ba, ƙishi yake ji. Sakaran cewa yake yana ƙishinta.

Na mayar mata da wayar, na ce shayin ya huce.

Kwana uku na yi da harafin nan a bakina. Ta toshe lambarsa. Ta dafa abinci, ta wanke kwanuka, ta jera mini magunguna, duk ba magana. Gidan ya koma yadda nake so, mu biyu, kuma ban taɓa jin gida mai muni haka ba. Ƙanwata ta zo ta dube mu ta ce, "Yaya, ko a littafin naku ma na'ura na magana."

Rana ta huɗu na kwafe saƙon a takarda, na ɗauko jan birona, na lanƙwasa kan harafi ɗaya. Na ajiye mata kusa da kofinta.

Ta daɗe tana kallo. "Ƙishi?"

"Ƙishi. Jahilci ne, ba rashin mutunci ba."

Ta yi dariya da hawaye tare, ta ɗauki waya ta buɗe lambarsa. Ina ganin abin da ta rubuta: "Malamina, ka zo ka sha ruwa. Kuma kada ka ƙara ba kowa ya gyara maka, ko Baba ne."

Amsarsa ta zo kafin ta ajiye: "gani nan haskena". Kuskure uku a kalma uku. Na kau da kai.

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. 'Yan ƙungiya suka ba su littafin nan kyauta, da gyare-gyarena goma sha bakwai a ciki. Angon ya durƙusa gabana, na ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya sa su riƙa magana da bakinsu ko da faɗa ne. Aka ce amin.

Da za a tafi da ita, ta riƙe hannuna ta ce, "Baba, ba don idonka ba da na rasa shi." Na buɗe baki, sai gwaggonninta suka janye ta, wai ana jira. Aka rufe ƙofar mota.

So na yi in ce mata ban taɓa ƙin yaron don na'ura ba. Ko da jininsa ya rubuta, da na nemo kuskure.