Lambobin Kaka

Kaka tana da hawan jini. A da, duk mako sai Mama ta kai ta asibiti. Su bi layi tun safe, su dawo a gajiye.

Yanzu abin ya yi sauƙi. Akwai na'urar awon jini a gida. Kullum da safe a ɗaura wa Kaka a damtse, a tura wa likita lambobin ta waya. Likita tana duba su daga ofishinta.

Mama tana fita aiki da wuri. Don haka Auta, jikar Kaka 'yar aji biyar, ita ce mai awo.

Ranar Litinin Auta ta makara. Ƙawayenta suna ta kiranta a bakin ƙofa.

"Kaka, a bar awon nan sai gobe," in ji ta.

"Tafi abinki, sarkin barci," in ji Kaka. "Dama abin nan matse ni yake kamar na yi sata."

Auta ta ɗauki wayar Kaka. Ta kwafi lambobin jiya, masu kyau, ta tura. Ba wanda ya lura. Washegari ma ta yi haka. Har kwana biyar, tana ɗan canza lamba ɗaya.

Ranar Asabar likita ta kira su ta bidiyo.

"Kaka, jininki ya sauka sosai," in ji ta. "Daga yau ki riƙa shan rabin ƙwaya."

Auta ta ji, amma ta ɓoye gaskiya.

Bayan kwana biyu, Kaka ta tashi da ciwon kai. Ta miƙe, jiri ya kwashe ta, ta dafa bango. Mama ta fasa fita. Ta auna ta da kanta.

"Subhanallahi! Ya aka yi ya hau haka?"

Auta ta fashe da kuka. "Mama, ban auna ba. Lambobin da na tura ba na gaskiya ba ne."

Mama ba ta tsaya faɗa ba. Ta kira likita nan take, ta miƙa wa Auta wayar. "Faɗa mata da bakinki."

Auta ta faɗi komai.

"Kaka ta koma shan ƙwaya ɗaya yanzu," in ji likita. "A kawo mini ita yau in duba ta. Auta, ni ba na cikin ɗakinku. Abin da kika turo, shi nake gani. In kin makara, rubuta mini cewa ba a auna ba."

"Ni ma da laifina, likita," in ji Kaka.

Cikin mako guda Kaka ta warware. Auta ta koma tashi da wuri. Ko Kaka ta yi mita, sai an auna.

Auta ta gane cewa waya ba ta san ƙarya ba, abin da aka ba ta shi take kaiwa. Mai son likita ta taimake shi, sai ya faɗa mata gaskiya.