Malamin da Aka Ce Ya Haɗa Mu da Biri

Wai saurayin jikata yana koya wa 'ya'yan mutane cewa biri ne ya haife mu. A bakin telata na fara ji. Kafin yamma ubanta, babban ɗana, ya ce an fasa auren.

Ta faɗo ɗakina idanu a kumbure.

"Kaka, wallahi in ba shi ba..."

"Share hancinki, ƙawata. Wa ya ji da kunnensa?"

"Kowa yana faɗa!"

"Kowa ba shaida ba ne."

Na tsufa a aikin jinya, na san yadda zance yake ƙiba daga wannan gado zuwa wancan. Washegari na ɗauki sandata na tafi makarantar da yake koyarwa, na zauna a bencin baya.

Malamin ya zana sauro a allo. Ya ce in an fesa magani yawancinsu su mutu, 'yan kaɗan masu juriya su tsira su hayayyafa, jikokinsu su gaji juriyar. In kuma teku ko tsauni ya raba dangi gida biyu, a hankali kowane ɓangare ya sauya, har su kasa haihuwa da juna. Na tuna wata allura da muke taƙama da ita, wadda daga baya cuta ta daina jin ta. Na gyara zama.

Da yara suka fita na tare shi.

"Malam, zancen biri fa?"

Ya durƙusa, gumi a goshinsa.

"Kaka, biri bai haifi mutum ba. Bincike dai ya nuna tushenmu ɗaya da su, can da nisa ƙwarai."

"To saurara. Zo gaban ubanta ka ce duk ƙarya ce, bakin aikinka kawai kake karewa. Ni zan sa a ba ka ita."

Ya daɗe yana murza allin da ke hannunsa.

"Ina son ta, Kaka... Allah ya sani ina son ta! Amma ban ɗauke shi ƙarya ba. In na faɗi haka, da ƙarya zan shigo gidanku."

Hawaye suka zubo masa.

Da na koma gida na tarar da ɗana a falo. Yatsun ƙafar ƙawata sun leƙo ta ƙasan labule.

"Inna, me kika gano?"

"Dangantaka mai nisa ya ce, ba haihuwa ba. Ni ma ban gama yarda ba, na aro littafinsa zan karanta da kaina. Na kuma yi masa tayin 'yarka in zai ƙaryata kansa. Ya ƙi."

"Ya ƙi?"

"Yana hawaye."

Ɗana ya cire tabarau ya goge, ya sake gogewa.

"A ce ya turo manyansa."

Labulen ya fashe da kuka.

Kafin shekara ta ƙare aka ɗaura auren. Har yau yana koyar da darasin, kuma bai taɓa cewa biri ne ya haife mu ba.