Amsar Da Ta Fara Zaɓa

"Daga gobe ba ke ba motar Ghali. Khalas, magana ta ƙare!"

Cokali ya tsaya wa Rahma tsakanin kwano da baki. Yaya Sunusi ko kayan gadinsa bai cire ba, ya tsaya a tsakiyar ɗan falonsu na unguwar Mansura a Doha yana huci.

"Yaya, me ya yi?"

"Ni kike tambaya? Kafin a sauya muku direba makinki na gwajin jarrabawa sama yake yi. Daga zuwan yaron nan ya kama gangara. Sherifa ta faɗa wa Antinki komai, wai hira kuke zubawa tun daga nan har asibiti!"

Sherifa! Abokiyar aikinta a asibitin ido, wadda kujerar gaba ta motar ma'aikata tata ce kafin Ghali ya fara ajiye wa Rahma ita.

"Don ki zama lauya na kawo ki ƙasar nan. In wata ya ƙare makin bai tashi ba, Zariya za ki koma, shi kuma kada na sake jin sunansa."

Da wata budurwar ce, kuka za ta saka. Rahma kuwa Allah ya yi ta da bin diddigi, ga shi jarrabawar shiga makarantar lauyoyi ta Kanada da take wa shiri ta ƙara lalata ta. Ba doka ake tambaya ba. Gajeriyar hujja ake ba ka da amsoshi biyar, a ce ka nemo inda ta yi rauni. Ko mai kanti ya ce tumatirinsa na yau ne, sai ta nemi dalili.

"Amma Yaya, don abu biyu sun zo tare ba shi ke nuna ɗaya ne ya jawo ɗaya ba. A watan ne fa esin ɗakina ya lalace..."

"Ni za ki yi wa lauyanci a gidana?"

Ya faɗi hakan, amma washegari sai ga shi da mai gyara daga Sanaiya, unguwar masu sana'a. Ɗaki ya yi sanyi ƙalau. Ta zauna ta yi gwaji a kwamfuta, maki bai motsa ba.

Ta ce to shayin karak mai kaurin nan ne ya yi mata yawa. Ta daina. Shiru.

Ta koma bin jirgin ƙasa na metro, ba Ghali ba labarinsa, sai kewarsa da ke cin ta a tsaye. A mota ita ke karanto tambaya, shi yana tuƙi yana dariya. Ranar da ta karanto ta unguwar da aka ƙara wa fitilu sata ta ragu, cewa ya yi, "Ranki ya daɗe, ko dai irin su Yayanki aka ƙaro?" Yanzu Sherifa ce a kujerar, kullum ta iso asibiti tana wani yauƙi.

"Ghali na gaishe ki... au, na manta, bai ma ambace ki ba."

Rahma ta juya ga aikinta. Da ta sake gwaji, maki ya ƙara faɗuwa.

Abin ya ba ta tsoro, ya kuma ba ta sha'awa. An cire Ghali, ciwo bai tafi ba. To mene ne? Ranar Juma'a ta lallaɓa Anti Habibatu, matar Yaya, ta raka ta wani shagon shayi a unguwar Al Asmakh don ta ga Ghali. Anti ta zauna nesa kaɗan, ta duƙufa a waya kamar ba kunnenta ne a miƙe ba.

Ghali ya rame. Da ya ga kwamfuta a hannunta sai ya yi murmushi.

"Na ɗauka kewata ce ta kawo ki, ashe bincike ne."

"Duka biyun..." ta faɗa a hankali.

"Rahmata, ni abin da ya ɗaure min kai ɗaya ne. A mota ba kya faɗuwa. Kafin danja ta ba mu hannu kin ba da amsa, in kika duba kuma daidai ne. Me kwamfutar nan take yi miki?"

Rahma ta dubi kwamfutar. A mota da ta faɗi amsa magana ta ƙare. A kwamfuta kuwa akwai damar komawa baya.

Da sauri ta buɗe gwajin jiya, ta shiga inda ake nuna abin da mutum ya taɓa. Tambayar farko da ta faɗi, amsar daidai ta fara zaɓa, daga baya ta sauya. Ta gaba ma haka. Ta gaba ma! Ta yi ta ja baya, gwaji bayan gwaji, har ta iso inda abin ya soma.

Ta gane ranar. Ranar ce Ghali ya tambaye ta inda makarantar take, ta ce Kanada, ya yi shiru har suka isa asibiti.

Hawaye suka cika mata ido.

"Ni ce, Ghali. Na san amsar, sai hannuna ya ƙi. In na ci tafiya zan yi... in bar ka."

Ghali ya ture kofinsa gefe.

"Shirun nan nawa ne ya jawo. Tsoro na ji, wallahi. Amma ki dube ni, abar ƙaunata. In kika faɗi saboda ni, da wane ido zan riƙa kallonki? Kullum na gan ki a bayan teburin asibiti sai na ce ni na zaunar da ke."

"To in na tafi fa?"

"Ki tafi da igiyata. Jira kuwa sana'ata ce, direba ne ni."

Daga can Anti Habibatu ta ja hanci, wai yajin shayi ne.

Da suka koma gida Rahma ta durƙusa gaban Yaya Sunusi.

"Yaya, ka yi gaskiya. Ghali ne."

"Ban faɗa ba!" Har da gyara zama.

"Sai dai ba hirarsa ba ce, tsoron rabuwa da shi ne. Ka raba mu don maki ya tashi, kai ma ka ga abin da ya yi."

Ya dubi matarsa, ta ɗaga kai. Ya dubi ƙanwarsa, wadda tun rasuwar mahaifinsu bai taɓa iya ganin hawayenta ba. Ya shafa gemu ya kai sau nawa.

"Wato in ina son lauya, sai na karɓi direba?"

"Hujjar ke nan, Yaya."

"Ji min yarinya! To ki ce ya turo manyansa. Ni kuma zan kira su Kawu."

A Zariya aka ɗaura auren, su suna Doha suna jin fatiha ta waya. Sherifa ta zo walima, ta ci ta ƙoshi, ta ce ai ita tun farko ta ga sun dace.

Ranar jarrabawa Ghali ne ya kai ta, tana kujerar gaba.

"Yalla, maza shiga, amarya. Abin da kika fara gani, shi ne."

Ta shiga, ta yi bismilla. Tambayoyi suka yi ta zuwa tana warware su kamar tana tsintar shinkafa. Da ta gama, lokaci ya ɗan rage, sai ta ji hannunta ya kama hanyarsa ta komawa baya. Ta tsaya tana kallonsa, jan lallen biki bai gama fita daga yatsun ba.

Ta san abin da cin jarrabawar nan zai jawo: sanyin wata ƙasa, da muryar mijinta a waya kawai. Zuciyarta ta yi nauyi, ba ta musa ba.

Ta janye hannun, ta ɗora shi a cinyarta, ta bar kowace amsa a inda ta fara ajiye ta.