Ƙwallo Biyu a Jinin Sufyanu

Ranar kasuwar Madawa saniya ta taka ƙafar Sufyanu, aka kawo shi likita yana ɗingishi yana dariya. Ummusalma, ma'aikaciyar labo, wato ɗakin gwajin jini, ta ɗebi jininsa, shi kuwa idonsa ya ƙi barin fuskarta.

Abin da ta gani a mikroskop, madubin duba ƙwayoyin jini, ya ba ta mamaki. Farar ƙwayar jini da ƙwallo guda take farawa a cikinta, sai ya lanƙwashe kamar wake, in ta nuna ya rabu gida uku ko huɗu. Na Sufyanu duk a biyu suka tsaya. Ta sake kiransa, ta kuma sakewa, tun ana zancen jini har aka koma na zuciya.

"Tauraruwata, jinin ya kusa ƙarewa. Gobe ma in zo?" ya rubuto mata.

"Zo da sauran, Mai-biyuna."

Munir, maƙwabcinsu da ta ƙi tun bara, ya lura da zirga-zirgar. Ba kunya ba tsoron Allah ya tsegunta wa mahaifinta, Malam Bawa, wai ɗan makiyayan nan mugun ciwon jini gare shi.

"Ba ni ba da ɗiyata ga mai mutuwa gobe," in ji Malam Bawa.

Ran Ummusalma ya ɓaci matuƙa. Munir da ko allura tsoro yake ji, shi zai yanke wa lafiyayye ranar mutuwa? Ta san gado ne ba cuta ba, amma baki kaɗai ba zai juya Baba ba.

Ta sa Sufyanu ya ɗauko kakansa Hamma daga Karofane a moto, tsohon da har yau yake bin shanu. Ta ɗebi jinin tsohon, ta lallaɓo mahaifinta labo, ta jera gilasan jini biyu a mikroskop.

"Baba, duba wanga, ka duba wancan. Mi ka gani?"

"Duk ɗaya na."

"Guda na Sufyanu na, guda na tsohon ga."

Hamma ya doka sandarsa ƙasa. "Malam, da jinin ga nike kora shanu har garin Buza tun ubanka na goye. Yaushe anka ce in mutu?"

Malam Bawa ya sunkuyar da kai, ya nemi gafara.

Bayan girbin hatsi aka ɗaura auren, Munir ko leƙowa bai yi ba. Hamma ne ya rufe addu'a: Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ko ƙwallonsu biyu ko huɗu.